Fuluto, Wadan Kaukabi: Yadda Ake Ganinsa da Yadda Ake Tabbatar da Ganin

  

Karatunmu na yau amsa ce ga wata tambaya da ta zo mana. Wani saurayi ya ga hoto a salularsa: baƙin fili cike da ɗige-ɗigen haske, an zana kibiya a kan ɗigo guda, an rubuta cewa wannan wata duniya ce mai suna Fuluto, kuma wani mutum ne ya ɗauke ta daga tsakar gidansa. Sai ya tambaya: malam, ɗigon nan bai bambanta da sauran ba, da wace hujja za a ce shi ne? Tambayar ta yi kyau, domin mu mutane ne da kowace shekara azuminmu da sallarmu ke rataye a kan maganar wanda ya ce "na gani". Ya kamata mu san yadda masu lura da sama suke rarrabe gani da zato.

Mas'ala ta farko: mene ne Fuluto?

Ku sani, abubuwan da ke haskawa a sama da dare iri biyu ne. Akwai taurari tabbatattu, waɗanda tsarinsu ba ya sākewa, kamar Kaza da Ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya. Yadda kakanninmu suka gan ta haka muke ganinta. Waɗannan kowanne rana ce mai wutar kanta, nisa ne ya ƙanƙantar da ita. Akwai kuma kawakibai masu tafiya, masu ratsawa ta tsakanin tabbatattun. Magabata sun san biyar da ido: Uɗaridu, da Zuhura wadda muke kira Zara, da Mirriku, da Mushtari, da Zuhalu. Waɗannan ba su da wutar kansu. Hasken rana ne ke faɗa musu su mayar mana da shi, kamar yadda farin bango ke haskawa in an haska masa tocila.

Da madubin hangen nesa ya samu, sai adadin ya ƙaru. A 1781 wani makaɗi a Ingila mai suna William Herschel ya gano Uranus daga bayan gidansa, da madubin da ya haɗa da hannunsa. A 1846 aka gano Naftun. A 1930 kuma aka gano Fuluto.

Faɗin Fuluto kilomita 2,377 ne, watanmu kuwa kilomita 3,474. Ashe ko watanmu bai kai ba. Matsakaicin nisansa da rana wajen kilomita miliyar 5.9 ne, wato kusan ninki 40 na nisan da ke tsakaninmu da ita. Hasken rana yana iso mana cikin minti 8 da ƴan daƙiƙu, amma sai ya yi tafiyar wajen awa 5 kafin ya kai can, sa'an nan ɗan abin da ya dawo ya sake wata tafiyar kamar haka kafin ya shiga idon mai dubawa. Abin da yake samu na hasken rana bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na wanda muke samu ba, shi ya sa sanyinsa ya kai wajen digiri 230 ƙasa da sifiri. Kewaya rana sau ɗaya tana ɗaukarsa shekara 248. Tun ran da aka gano shi har yau bai cika rabin shekararsa guda ba. Yana da watanni 5 masu kewaya shi, babbansu an gano shi a 1978.

Sunan kuwa wata yarinya ce ƴar shekara 11 a Ingila, Venetia Burney, ta kawo shi, daga tatsuniyoyin Rumawan dauri. Suna ne na rarrabewa kawai, kamar yadda ake sa wa rijiya suna.

Mas'ala ta biyu: me ya sa aka ce masa wada?

Shekara 76 ana lissafa shi na tara cikin kawakiban rana. Sai a 2005 wasu masana uku a Amurka, Mike Brown da abokan aikinsa biyu, suka gano wani can bayansa, aka sa masa Eris. Faɗinsa kilomita 2,326, kusan kai ɗaya da Fuluto, kuma ya fi shi nauyi. Aka gano wasu kuma a wannan yankin, kamar Makemake da Haumea. Sai magana ta zama ɗayan biyu: ko a shigar da su duka cikin lissafi, ko a fayyace abin da ake nufi da kaukabi.

Ranar 24 ga Agusta 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague ta kafa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ya kasance yana kewaya rana. Na biyu, nauyinsa ya kai ya dunƙule shi ya zama kamar ƙwallo. Na uku, ya kasance ya share hanyarsa, babu mai gogayya da shi a kanta. Fuluto ya cika biyu na farko, ya gaza a na uku, domin hanyarsa ta bi ta cikin wani yanki mai dubban dunƙulen ƙanƙara da duwatsu. Wanda ya cika biyu ya rasa na uku shi aka kira wadan kaukabi. Misalinsa kamar basaraken da yake da gida da rawani, amma ƙasar da yake ciki ba shi kaɗai ke da iko da ita ba.

To a nan akwai gyara. Wasu sun ji labarin suka riƙa cewa wai wata duniya ta ɓace, ko ta faɗo. Babu abin da ya same shi. Yana nan a kan hanyarsa kamar yadda yake tun kafin a san da shi. Rajistar mutane ce ta sāke.

Mas'ala ta uku: me ya sa ido ba ya ganinsa?

Magabata sun kasa taurari daraja shida gwargwadon haskensu. Masu tsananin haske su ne daraja ta ɗaya, waɗanda ido ke gani da ƙyar a dare mai duhu su ne ta shida. Abdurrahman Assufi ya bi taurari ɗaya bayan ɗaya ya auna darajarsu a littafinsa Suwarul Kawakib wajen shekara ta 964 ta Miladiyya. Masanan zamani sun riƙe wannan ma'auni suka tsawaita shi, suka ƙayyade cewa duk daraja biyar da aka ƙara, haske ya ragu ninki 100. Fuluto a waɗannan shekaru yana tsakanin daraja ta 14 da ta 15. In an yi lissafi, ya fi tauraron da ido ke gani da ƙyar dushewa fiye da ninki 2,000.

Yaya za a cike wannan giɓi? Ku ɗauki misalin ruwan sama. Wanda ya tara ludayi da wanda ya tara babban daro, ruwa ɗaya ne ya sauka a kansu, amma abin da suka samu ba ɗaya ba ne. Baƙin ƙwayar idon mutum, in ta buɗe iyakar buɗewarta cikin duhu, wajen milimita 7 ce. Wannan shi ne ludayin. Madubi mai faɗin santimita 30 yana tara haske wajen ninki 1,800 na abin da ido ke tarawa, ya tattara shi wuri guda ya zuba a ƙwayar ido. Wannan shi ne daron. Da yawa suna zaton aikin madubin hangen nesa shi ne girmama abu. Babban aikinsa tara haske ne, girmamawa tana biye. Shi ya sa masu wannan sha'awa ke cewa, mai son ganin Fuluto da idonsa yana bukatar madubi mai faɗin santimita 25 zuwa 30, da sama mai duhu ƙwarai.

Ko an same shi, kada a sa ran ganin duwatsu da kwaruruka. Girmansa a sama daidai yake da ƙwandalar dala ashirin in an hange ta daga nisan kilomita 50. Ɗigo ne kurum, kamar bakin allura.

Mas'ala ta huɗu: yadda suke aikin

Waɗannan mutane da muke magana a kansu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuwa wanda ke biyansu. Cikinsu akwai malamin makaranta, da likita, da makaniki, da tsoho mai ritaya. Da kuɗin aljihunsu suke sayen kaya, wasu ma da hannunsu suke goge gilashin madubin.

Farko sukan zaɓi lokaci. Suna jiran ƙarshen wata ko farkonsa, lokacin da babu farin wata, domin hasken wata yana shafe dusassun taurari. Suna jiran kuma lokacin da duniyarmu ta shiga tsakanin rana da Fuluto, sa'ad da yake fitowa da faɗuwar rana ya kwana a sama. A shekarun nan wannan yana faɗawa ƙarshen watan Yuli, yana cikin burjin Jadyu. Sai su fita bayan gari, nesa da wutar lantarki.

Sa'an nan su ba ido haƙƙinsa. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya saba, kuma duban salula sau ɗaya yana rushe wannan sabo. Don haka jar fitila mai rauni suke riƙewa in za su duba taswira. Suna da wata dabara kuma: ba sa kafa wa abin ido kai tsaye, sai su ɗan kauda kallo gefe, saboda gefen ido ya fi tsakiyarsa jin rarraunan haske. Ku jarraba da Kaza da Ƴaƴanta in ta fito. Ku dubi gefenta kaɗan, za ku ga haskenta ya ƙaru.

Neman wurin kuwa kamar neman gida ne a garin da ba ka sani ba. Ana farawa daga tauraro sananne mai haske, a bi taswira zuwa wanda bai kai shi ba, daga nan zuwa wani, har a isa ɗan filin da lissafi ya nuna. Yanzu akwai madubai masu kwamfuta da ke juyawa da kansu zuwa wurin.

Masu ɗaukar hoto sun fi samun sauƙi. Ido ba ya ajiya: abin da ya shigo yanzu shi yake gani, ya wuce. Kyamara kuwa ana barin bakinta buɗe minti ɗaya ko biyu ko fiye, haske yana ta taruwa, kamar daron da aka bari ƙarƙashin indararo. Sai dai sama tana juyawa daraja 15 kowace awa saboda juyawar ƙasa, don haka ana ɗora madubin a kan ƙafa mai inji wadda ke bin taurari sannu a hankali. In ba haka ba, kowane tauraro sai ya fito kamar zare. Sukan ɗauki hotuna da yawa su ɗora su bisa juna a kwamfuta: abin da yake na gaskiya yana maimaituwa a wuri guda sai ya ƙarfafa, ƙurar na'ura kuwa ba ta maimaituwa sai ta dushe. Ta wannan hanya ƙaramin madubi ma yana kama Fuluto. Har Eris, wanda ya fi shi dushewa wajen ninki 50, masu haƙuri cikinsu suna kama shi a hoto. Akwai kuma wada guda mai sauƙi, Ceres, wanda Giuseppe Piazzi ya gano a Palermo ranar 1 ga Janairu 1801. Yana tsakanin Mirriku da Mushtari, faɗinsa wajen kilomita 940, ana ganinsa da ƙaramin madubi mai ido biyu irin na riƙewa a hannu.

Mas'ala ta biyar: ina hujjar?

Yanzu mun iso ga tambayar saurayin. Gaskiyarsa, hoto guda ba hujja ba ne. A cikin ɗan filin nan akwai taurari masu yawa da haskensu ya yi daidai da na Fuluto, kuma kibiya kowa yana iya zana ta. Hujjar ita ce tafiya. Mai lura yakan zana ko ya ɗauki filin a daren farko, ya rubuta rana da sa'a. Sai ya dawo bayan kwana ɗaya ko biyu ya sake. Taurari tabbatattu duk suna inda ya bar su. Ɗigo guda ne zai tarar ya gusa, kuma inda yake jiya ya zama wofi. A lokacin da ya fi sauri, gusawarsa a dare guda wajen kashi ɗaya cikin 20 ne na faɗin wata. In gusawar ta dace da abin da lissafi ya faɗa tun farko, a adadi da kuma shiyya, to a nan ne mutum yake cewa "na gan shi". Kafin haka abin da yake rubutawa a littafinsa shi ne "ina zato".

Da wannan hanya aka gano shi tun asali. Clyde Tombaugh ɗan manoma ne a jihar Kansas ta Amurka. Ƙanƙara ta faɗo ta lalata amfanin gonarsu, kuɗin zuwa jami'a ya gagara. Sai ya haɗa madubi da tarkacen injinan gona da na tsohuwar mota, ya zana Mirriku da Mushtari yadda ya gan su, ya aika wa gidan lura da taurari na Lowell a Arizona. Suka ga kyan aikinsa suka ɗauke shi a 1929. Aikinsa shi ne ya ɗauki hoton yanki guda na sama sau biyu, da ƴan kwanaki a tsakani, ya sa hotunan a wata na'ura mai nuna wannan ta nuna wancan da sauri, yana neman ɗigon da zai yi tsalle cikin dubban ɗaruruwan da ba sa motsi. Wata da watanni yana kan haka. Ranar 18 ga Fabrairu 1930, yana ɗan shekara 24, ya gwama hoton 23 ga Janairu da na 29 ga Janairu, ya ga ɗigon ya yi tsalle. Ku lura da abin da ya biyo baya. Ba a yi shela ba a ranar. An duba hoto na uku, aka ci gaba da bin ɗigon dare bayan dare, sai ranar 13 ga Maris aka sanar wa duniya.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne gare mu. A mazhabarmu ta Malikiyya ganin jinjirin wata yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko jama'a mai yawa wadda ba za ta haɗu a kan ƙarya ba. Dalilin sharaɗin a fili yake: ido yana kuskure, musamman idon mai ɗoki. Mutumin kirki yana iya ganin siririn gajimare, ko hasken jirgi, ko Zara cikin hazo, ya rantse wata ne, alhali bai yi nufin ƙarya ba. Wanda ya fita duban wata, ya san shiyyar da zai duba da tsawon lokacin da ke tsakanin faɗuwar rana da faɗuwar wata, ya nuna wa na kusa da shi, kuma ya kai shaidarsa ga waɗanda aka ɗora wa alhakin karɓa. Wanda hoto ya zo wa a salula kuwa, ya tambayi wa ya ɗauka, a ina, a wane dare, kafin ya tura wa mutum ɗari.

Mas'ala ta shida: ina amfaninsa?

Aikin waɗannan mutane yana shiga ilimi na haƙiƙa. Wani lokaci wadan kaukabi yakan gitta ta gaban tauraro mai nisa ya rufe haskensa na ɗan lokaci, inuwarsa ta ratsa wani tsiri na ƙasa. Manyan gidajen lura ba sa tashi daga inda aka gina su, amma mai ƙaramin madubi yana sa shi a mota ya je inda inuwar za ta bi. Kowa ya auna daƙiƙa nawa tauraron ya ɓace a wurinsa, a haɗa, sai girman abin da siffarsa su fito. Ta haka aka tabbatar a 1988 cewa Fuluto yana da iska mai lulluɓe shi, domin hasken tauraron a hankali ya dushe maimakon ya ɗauke farat ɗaya. Ta haka kuma aka gano a 2017 cewa Haumea yana da zobe.

Kumbon New Horizons ya tashi daga Amurka a Janairun 2006, ya yi shekara 9 da rabi yana tafiya, ya gitta kusa da Fuluto ranar 14 ga Yuli 2015, cikin goman ƙarshe na Ramadan na 1436. Shi ya aiko da hotunan tsaunukan ƙanƙara da wani farin fili mai siffar zuciya. Da za a tura shi gaba ga wani ƙaramin dunƙule mai suna Arrokoth, an bukaci a san wurinsa daidai. A daren 4 ga Agusta 2018 inuwarsa ta ratsa ƙasar Senegal, masanan Amurka da Faransa suka haɗu da ƴan ƙasar suka jera ƙananan madubai a karkara. Wanda ya jagoranci ɓangaren Senegal, Maram Kaire, an sa wa wani dutsen sama sunansa a 2021. Waɗannan maƙwabtanmu ne, samanmu da nasu ɗaya.

Ƙasarmu ma tana da rabo a nan. Daga Maraɗi ko Yamai, Fuluto yana hawa sama da daraja 50 bisa sararin kudu, alhali a Faris bai kai daraja 20 ba. Duhun da Bature ke tuƙi mai nisa yana nema, yana bayan kowane ƙauye namu. Ƙarshen Yuli damina ce, akwai gajimare, amma daren da ruwa ya wanke ƙura sama ta washe babu kamarsa.

Gargaɗi biyu kafin mu rufe. Na farko, wannan ilimin lissafi ne da lura, irin wanda ake sanin alƙibla da lokutan salla da shigar damina da shi. Ya rabu da aikin masu duba da ke cewa kaukabi kaza ya shiga burji kaza, don haka aurenka ko kasuwarka za su yi kaza. Dunƙulen ƙanƙara mai nisan kilomita miliyar 5 bai san da aurenka ba. Kada wani ya karɓi kuɗinku da sunansa. Na biyu, duk wanda madubin hangen nesa ya shiga hannunsa, babba ko ƙarami, kada ya kuskura ya dubi rana da shi, kada kuma ya bar shi a hannun yara da rana. Daron da ke tara hasken dusasshen tauraro, in ya tara na rana, yana ƙone ido nan take, kuma ba a warkewa.

Ga iyaye kuma: in kuka ga ɗanku ko ƴarku suna yawan ɗaga kai sama suna tambayar sunayen taurari, kada ku kwaɓe su. Ku haɗa su da tsofaffin da suka san manzilolin wata 28, ku haɗa su da malaman lissafi na makaranta, ku koya musu su riƙa rubuta abin da suka gani da ranar da suka gan shi.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya tsare harsunanmu daga shaidar abin da ba mu tabbatar ba, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.